Minti na Goma Sha Bakwai

Saura kwana uku sadakar arba'in ɗin Baba
na jona kwamfutar cinya da talabijin ɗin falo,
don dangi su gan shi zaune yana ba da labari,
yadda na ɗauke shi bara a tsakar gidanmu na Aboabo.

Ya buɗe baki: "Shekarar da muka taso daga Salaga..."
sai murya ta ɗauke.
Leɓe na motsi, hannu na auna huhun goro a iska,
ni ina kallo kamar kurma a wajen wa'azi.
Ta dawo a kan "jakin ya ƙi ƙetarewa",
ta sake ficewa ba sallama.

Allo ma ya bi sahu.
Na cinya ya ja layuka kore kamar kente ya warware,
na bango ya raba Baba gida biyu,
hula a dama, gemu a hagu,
can ya yi baƙi ƙirin, wai babu sigina.

Mumuni ya ce wuta ce, ɗauke-kawo ya cinye ta.
Na sauya soket, na sauya waya,
na aro ta Akosuwa mai shagon kwafi,
na hura ramin da baki kamar mai tada murhu.
Kashe da kunna ya fi sau goma.
Na sabunta manhajar sauti da datar sidi ashirin,
har asuba ina gadin layin da ke rarrafe.
Ya cika. Na kunna.
Baba ya ce "Salaga", ya yi tsit.

Da hantsi na hau tirotiro zuwa Adum,
na rungume ta kamar mai kai yaro asibiti.
Yaw Bempa, a shago mai faɗin tabarma ɗaya,
bai tambaye ni komai ba, ya kara kunne a ƙasanta.
Da Hausarsa ta kasuwa ya ce: "Fanka ya mutu. Zafi."
Ya kwance noti takwas ya tara a murfin kwalba,
ya zaro ƙura dunƙule guda, har da gashin kyanwarmu,
ya nuna mini wata 'yar waya a gaɓar murfi
da ta sile da buɗewa da rufewa.
Shekara shida ina ci mata rai ban sani ba.

Sidi ɗari da tamanin. Na ce da hamsin.
Ya dubi fuskar da ke allo, ya ce to.

Muka kunna.
Hula ta koma kan mai ita,
jaki ya ƙetare, goro ya iso Kumasi,
murya na zuba ba gargada
har minti na goma sha bakwai,
inda na ce, "Baba, Inna fa, a ina ka fara ganinta?"

Shiru.

Na ce ga shi nan, bai gyaru ba.
Yaw ya mayar baya, ya ƙure ƙara,
ya miƙo mini abin sawa a kunne.

Ga zakara can bayan katanga.
Ga mai koko tana kiran ciniki.
Ga cokali yana juyi a kofin shayi,
ga numfashi mai nauyi yana shiga yana fita.
Ashe sauti bai je ko'ina ba,
Baba ne ya yi shiru,
daƙiƙa arba'in da ɗaya, idonsa a kan igiyar shanya,
ni kuwa a ranar hankalina na kan batir, ko zai kai.

Yaw ya ce zai yanke wurin, kyauta.
Na ce a bar shi.

Ranar sadaka falo ya cika har bakin ƙofa.
Da aka zo wurin, Mumuni ya yunƙura zai taɓa waya.
Inna, ba ta ɗauke ido daga allo ba,
ta riƙe masa hannu,
ta ce, "Ƙyale shi ya gama."