Wasiƙar da Ignacy Bai Gama Ba

Kwana goma sha tara ke nan da muka kai shi makwanci,
kwamfutarsa na nan a kunne kan teburin kicin,
kusa da kwalbar zuma
da tabaran da ya ɗaure wa ƙafa da zaren fatsa.
Ban taɓa ta ba. Gefenta kawai nake gogewa.

A allon akwai wasiƙa zuwa ga ƙanensa na Szczecin,
layi huɗu da rabi.
Ya tsaya a kan "idan sanyi ya wuce, mu",
ɗan tsinken nan baƙi yana ta ƙiftawa a wurin
kamar mai jiran a ƙarasa masa zance.
Bai adana ta ba. Ignacy bai taɓa adana komai ba,
ko rasit ɗin asibiti.

Daren Talata sai ga saƙo a kusurwa:
za ta sabunta kanta da ƙarfe uku,
za ta mutu ta tashi, kowa ya kwashe kayansa.
Ba shawara ba ce. Sanarwa ce, irin ta mai gidan haya.
Na san tashin nan nata,
ba kullum take tashi da abin da ta kwanta da shi ba.

Na kira Jagna, jikata, can Krakow,
muryarta duk barci.
"Kaka, ɗauki hoton allon da waya mana."
Na ce hotuna ina da su cike da akwati.
Inda ya tsaya nake so, da sauran ɗuminsa.

Ta yi jim. Ta ce, to bi ni a hankali.
Nemi da'irar nan mai haƙora. Danna.
Gangara. A'a, kin wuce. Koma.
Ga inda ake cewa ta dakata.
Mako biyar suka yarje mini, ko kwana ba ƙari.
"Kuma kar ki hana ta har abada, Kaka.
Ƙofar da ba a gyara sakatarta,
ɓarawo ke sa mata albarka."

Muna ciki sai ga talla ta leƙo.
Ashe su ba su ji rasuwar ba:
sandar fatsa, an rage farashi,
takalmin roba lamba arba'in da huɗu,
da wani ɗan kwale-kwale shuɗi, na hannu, a Sopot.
Shekara arba'in da ɗaya muna raba bargo,
ban san yana son kwale-kwale ba.
Su sun sani.

Jagna ta kai ni ɗakin da suka kira na sirri,
ko da yake tagoginsa duk a buɗe na same su.
Inda muke kwana, an sani.
Abin da ya rubuta ya goge, an ƙirga.
Kunnen na'urar a buɗe, idonta a buɗe,
baƙon da bai yi sallama ba, ya kuma ƙi tafiya.
Na bi su ɗaya bayan ɗaya
kamar yadda nake kashe fitilun gida kafin in kwanta.

Na ƙarshen shi ne na talla.
Nan yatsana ya ƙi.
In na kashe, wa kuma zai riƙa kiransa a gidan nan?
"Kaka? Kina nan?"
Ina nan.
Na kashe.

Ƙarfe uku ya buga. Ba abin da ya motsa.
Ta taga, ƙarafan ɗaga kaya na tashar Gdansk
inda ya yi walda har idonsa ya dushe
suna tsaye cikin dusar ƙanƙara, wuya a miƙe.

Da safe tallar sabulu ce, ta kowa da kowa.
Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.
Sannan na zagaye wata rana a kalandar bango,
na ɗauko biro da takarda,
na fara kwafe layi huɗu da rabi.