Gado Na Goma Sha Ɗaya

Daren farko ban runtsa ba.
Ƙashina ke ƙaiƙayi daga ciki,
inda farce ba ya kaiwa.
Sanyin Jos na ratso taga,
ni kuwa gumi ya jiƙa katifar gwamnati
mai warin sabuwar leda.

Shekara tara ina dakon tumatir a Farin Gada.
Kwando hamsin kafin hantsi,
wa zai iya da ƙarfin koko da ƙosai?
Ƙwaya biyu, kwando ya koma auduga.
Biyu ta zama biyar,
daga biyar na bar lissafi.
Na sayar da baro, na sayar da wayar Inna,
na rantse mata ban gani ba.

An taɓa kai ni gidan mari.
Ga tabon nan a idon sawu kamar munduwa.
Shi ya sa da Sista Nanret ta kama ƙafata
na zabura.
Ta ce, Haba Sallau,
safa ce zan sa maka.

Gado na sha biyu Chollom ne, ɗan Kabong,
goskolo ta shanye masa gonar dankali.
A gari ba na taka unguwarsu,
shi ma ba ya taka tamu.
A nan bokitin amai ɗaya gare mu.
Hannunsa na rawa, ni ke riƙe masa kofin shayi.
Da asuba shi ke taɓa ni:
Malam, tashi, naku sun kira.

An ce ranar buɗe wurin nan
an yanka zare, an yi tafi, rediyo ta faɗa.
Ban raina ba, wallahi.
Sai dai gado ashirin da huɗu ne,
littafin jira kuwa ya yi kaurin bulo.
Ɗanliti na shafi na tara.
Tare muka zo, shi aka ce ya dawo bayan salla.
Jiya Inna ta kawo gwate, na tambaye ta labarinsa,
ta tsaya gyara murfin kwano,
ta gyara,
ta sake gyarawa.

Yau kwana talatin da ɗaya.
Likita ya ce kar in ƙirga gobe.
Na hango Dutsen Shere ta taga,
ashe kore ne da damina.
Wanda ke ƙarƙashin kwando
ƙasa kaɗai ya sani.

Kullum da safe nakan ja zanen gadon nan
har ya miƙe sumul.
Aro ne.
Wani na can bakin ƙofa.