Hannu Biyu a Kan Filafili

Ƙarfe biyun dare a Busan,
hawa na tara, ruwa na dukan taga,
daga ni sai tsohon da na ƙera da lissafi.

Ƙasusuwansa arba'in da ɗaya,
kowanne da ubansa guda:
yatsa na bin tafi, tafi na bin sangali,
sangali na bin kafaɗa, har a dangana da ƙugu.
Haka kwamfuta ke so,
itace mai rassa, babu reshen da ke komawa gindi.

Na ba shi filafili a hannun dama, ya riƙe lafiya.
Da na ɗora na hagu
sai zobe ya rufe:
kafaɗa, gwiwar hannu, katako, gwiwar hannu, kafaɗa.
Dama ta ce ni ce gaba, hagu ta ce ban ji ba.

Karkarwa ta fara daga wuyan hannu,
ƙanƙanuwa, kamar ta mai zazzaɓi.
A hoto na sittin ya tsinke,
hannu a gabas, hula a sama,
kwale-kwale na juyi shi kaɗai.

Man-sik ya ture kwanon taliyarsa da ta huce,
ya ce, ɗaure shi tamau, ƙara masa zagaye ɗari.
Na ƙara.
Injin ya yi nishi, tsoho ya sake watsewa,
a hoto na casa'in wannan karon.

Sai na tuna kakana a bakin tekun Gijang.
Ban tuna fuskarsa ba, kantar tafinsa na tuna,
da wani wuri a jikin filafilinsa
da ya yi sumul, faɗin yatsu uku.
Ashe hannun zamewa yake yi.
Shekara hamsin yana tuƙi
bai taɓa riƙewa daidai ba.

Na koma kan lambobin.
Inda na rubuta sifili
na bar rata, kaurin gashi biyu,
na sa ɗan taushi a mahaɗar
don kuskure ya sami wurin kwana.

Tsoho ya sunkuya, ya ja,
ya ɗago.
Hoto ɗari, ɗari biyar, dubu.
Hagu na bin dama bashi kaɗan,
dama na biya kafin a lura.

Man-sik ya yi barci a kan kujera.
A ƙasa motocin kifi sun fara wucewa.
Ban adana aikin ba tukuna,
ina dai kallon wuyan hannun nan.