Jan Zare

Daren Aboabo, wuta ta ɗauke,
batirin Mardiya saura kwata.
Fayil ya ƙi tafiya tun la'asar,
ta farke cikinsa kamar mahauci.

Lambobi, lambobi, babu sallama.
Can ƙasa, a lungun da ido ba ya zuwa,
layi guda da harshen mutane:
sunan manhajar da ta harhaɗa shi,
bugu na tara, ɗigo huɗu.

Ashe tsohuwa ce ta haife ka!

Ta tuna kakanta, Munkaila tela,
mai ɓoye jan zare a wuyan riga,
ko a Kejetiya aka saye ta,
in ta yage, an san ƙofar bugawa.

Ta yi dariya ita kaɗai.
Fanka ta motsa.