Littafin Awo

A shafi na tara na littafin awona
sunanki na nan da fensir:
Tasalla, 'yar gidan Ɗanjuma mai kanwa.
Kafaɗa goma sha ɗaya, tsayi talatin.
A ƙasa na rubuta: buhun taki, ba kuɗi.

Ranar rabon sakamako ce a firamare.
Malam Sambo ya ce ke ce Yunwa a wasan.
Na fasa wa buhu wuya, na kama gefensa,
aka shafe ki da toka har fatar ido.
Kika fito daga bayan dalbejiya kina jan ƙafa,
ko uffan, kallo kawai,
sai ga ƙanin dagaci yana tura ƙullin rogonsa aljihu.
Dariya ta tashi, ta maƙale a wuya,
don a cikin tsofaffi akwai waɗanda suka taɓa ganin Yunwa,
suka ce wallahi haka take tafiya.

Daga ranar kika tare a bakin shagona,
kina tsince ƙyalle, kina zura min zare.
Na ɗauka sana'a kike so.
Ashe ni nake auna mutane,
ke kina auna ni.

Kin tafi Zariya karatun wasa.
Aka ce can dandamali katako ne,
fitila daga sama, duhu a kan masu kallo.
Nan kuwa bakuna suka yi ta tafasa,
Ɗanjuma ya yi damina guda yana zagaye majalisa
ta bayan masussuka.

Sannan Kano. Shekara uku kina ɗaukar faranti.
"Ga ruwa, Hajiya."
Kalma uku, ki ajiye, ki fice.
Wani fim ɗin ma hannunki kaɗai ya fito.
Na gane shi, akwai tabon dutsen gugata
a gindin babban yatsa.

Sai wani dare a shagon cajin Ilu,
inji yana tari, an jingina waya da gwangwanin madara,
mu goma sha wani abu kai da kai.
Ga wata tsohuwa tana ɗinki a zaure,
ɗanta ya tafi ci-rani bai aiko ba.
Ta kai zare baki, ta gatsa da haƙoran hagu,
kamar wadda na damanta suka zube.
Yara suka juyo suna kallona.
Na rufe bakina.

Tarin Inna Kulu ne a ƙirjinta,
zaman Marka mai daddawa ne, ƙafa ɗaya a miƙe,
yadda take share hawaye da bayan hannu
ta ce hayaƙi ne,
wannan na mahaifiyarki ne, Allah ya jiƙanta.
Ɗanjuma yana can baya, a tsaye cikin duhu.
Bai zauna ba. Bai kuma tafi ba.

Ɓarauniya! Kin kwashe ƙauye guda
ba wanda ya ga ɓaraka a dangarsa.

Bana, bayan an kaɗe riɗi,
kika sauko daga motar Gujungu da ƙura a gira,
ba hoda, ba rakiya,
rigar wasa a leda, ta yage a hammata.
Ɗinkin birni: kyau a fuska, ciki ba ƙarfi.
Kika ce, "Baba Tela, buhun nan yana nan?"
Na nuna miki akurkin kaji,
shi ne rufinsa tun bara waccan.
Kika yi dariya har kika dafa keke,
dariyar da ban san ta kowa ba ce,
sai daga baya na gane taki ce.

Kin miƙo kuɗi, na ce a'a.
Shafi na tara ban soke shi ba.
Bashin da ya yi wannan riba
ba a gaggawar karɓarsa.