Awon Hannun Herminia

A Sonsón gajimare ba ya zama a sama,
saukowa yake yi, ya leƙa tagar kicin,
ya sake jiƙa wandon da na shanya jiya.
A nan Herminia ta bar ni
da tukwane talatin da ɗaya na furen okid,
da kujerarta, da shiru.

Ni manomin dankali ne.
Shekara arba'in ina murza ƙasa a yatsu,
ina gane ta ƙoshi ko tana jin yunwa
tun ban durƙusa ba.
Na ce, wane fure ne zai gagare ni?
Na hau gona na ɗebo baƙar ƙasa
wadda ta sha taki har tana maiƙo,
na cika tukunya, na danna da babban yatsa,
na ba da ruwa safe, na ba da yamma,
kamar mai biyan tsohon bashi.

Wata bai cika ba ganye ya sunkuya.
Na zazzage tukunya a kan tebur:
saiwa ta yi baƙi, ta yi laushi,
tana warin rijiyar da aka daina ja.
Bakwai na kashe haka.
Bakwai, da hannun da ya ciyar da gida.

Nicanor mai gyaran takalma ya leƙo,
ya ɗaga matacciyar saiwa a hasken ƙofa,
ya ce, "Fulgencio,
ka taɓa ganin wannan a kunyar gona?
A reshe take kwana, can dajin kan dutse,
ƙafa a gansakuka, kai a iska.
Ba yunwa ta kashe ta ba,
numfashi ka hana ta."

Daren nan ina neman allura
na buɗe gwangwanin ɗinkinta.
Ƙarƙashin maɓallai, a bayan takardar kuɗin wuta,
ga rubutunta mai jingina hagu:

Ɓawon itace, hannu uku, a jiƙa kwana biyu.
Gawayi, hannu ɗaya, a wanke masa toka.
Tsakuwar aman wuta mai huji-huji, rabin hannu.
Gansakuka, a matse, a sassauta, kada a danna.
Masu son sanyi ba sa son ƙishi,
ba sa kuma son kwana cikin ruwa.
Tukunya ƙarama.
Ƙarama, Fulgencio.

Har sunana ta sa.
Ashe ta san zan iso nan,
ta san ta wace hanya zan iso.

Da safe na auna yadda ta ce.
Hannu uku, hannu ɗaya, rabi,
sai haɗin ya yi tozo, ya zube a ƙasa.
Na sake. Ya sake zuba.
Na zauna ina kallon tafina,
faffaɗa, mai kanta, kamar bakin shebur,
sai na tuna nata
yadda yake ɓacewa cikin nawa
a hanyar coci, in sanyi ya yi yawa.

Yanzu da yatsu huɗu nake ɗiba,
in rage kaɗan, in mayar buhu.
Ina barin rami tsakanin ɓawo da ɓawo
don iska ta sami wurin wucewa.
Kafin in ba da ruwa
sai na ɗaga tukunya na ji nauyinta,
in da saura, in ajiye buta in tafi.
Wannan tafiyar ta fi noma wuya.

Ashirin da huɗu suka rage.
Jiya ɗaya ta buɗe a gefen taga,
ja mai duhu, da jela uku sirara,
ba ta kai babban yatsana ba.
Na kira Nicanor, ba ya gida.
Na tsaya ni da gajimare muna kallo,
kofi yana hucewa a hannuna,
ban taɓa ta ba.