Ƙarin Ruwa

Shekara arba'in da ɗaya mahaifina Baltazar
yana raba gishiri da ruwa a fadamun Aveiro.
Ya tare teku cikin fangali, ya bar wa rana sauran aikin,
ya ja katakon kwasa har tafinsa ya yi kanta.
Yau ga shi a gado na tara, hawa na uku,
an rataye masa leda a kan sandar ƙarfe,
gishiri da ruwa sun koma gida ɗaya
suna ɗiga cikin jijiyarsa.

Ya daɗe yana harararta, sannan ya ce, "Idalina,
wai da gishiri a ciki. To ina yake?
Ni na san gishiri. Yana da kaifi, yana cin ƙafa."

Na ce, Baba, yana nan, watsa shi aka yi.
Na juya takardar magani, na zana masa
abin da nake zana wa ɗalibai kowace Talata:
ƙwallo babba ɗaya, ƙanana biyu manne da ita,
ba a miƙe ba, a lanƙwashe kamar gwiwar hannu,
digiri ɗari da huɗu da rabi.
Babbar ita ce oksijin, ga ta da haɗama,
ta janye bargon lantarki duk ya koma wajenta,
'yan haidurojin biyu suka kwana ƙafa a waje.
Shi ya sa gefe ɗaya yake da alamar ɗebewa,
ɗayan kuma alamar tarawa.
Jiki ɗaya, fuska biyu.

Ya ce, "Munafuki ke nan."
Dariya ta jawo masa tari, na tallabe ƙeyarsa.

Da ya lafa na ce, gishirinka ma mutum biyu ne,
sodiyam da kuloraid, sun ƙanƙame juna.
Ruwa ba ya zuwa da sanda.
Ya nuna wa wannan fuskar da yake so,
ya nuna wa wancan ɗaya fuskar,
ya kewaye kowa da 'yan rakiya,
sai ka ga kowa ya saki hannun ɗan'uwansa ya bi ayari.
Haka sukari ke tafiya a jininka,
haka maganin da Filomena ta tsira maka ɗazu
ya san hanyar zuwa ƙirjinka ba tare da tambaya ba.

Miyar kabeji ta huce a kan tire,
man zaitun ya yi idanu a samanta.
Ya nuna da cokali. "Wannan fa? Ya ƙi rakiyar."
Na ce, mai ba shi da gefen da za a kama.
Ruwa ya bar shi, shi kuma ya dunƙule da danginsa.
Amma da wannan ƙiyayyar aka gina ka,
kowace ƙwayar halittarka da ita ta yi katanga,
furotin ma don ɓoye maiƙonsa yake naɗewa
har ya sami siffar da zai yi aiki.

Ya yi shiru, na ɗauka barci ne.
Can sai ya ce, ido a rufe,
"Ashe ni mai sulhu ne.
Teku ta raba su, ni in mayar da su ɗaki."

Wajen ƙarfe huɗu ruwan sama ya tsinke.
Na ga hannunsa ya motsa yana neman hula,
tiyon ya girgiza, na danne wuyan hannun.
Ya ce, "Wa ya rufe tarin da ke bakin gada?"
An sayar da fadamar shekara shida ke nan.
Na ce, Nuno ya rufe tun da safe.

Ledar ta yamutse.
Filomena ta shigo da wata a hammata,
ta ɗaga ta ga hasken taga, ta duba kwanan wata.
Garau take, ba ka ganin komai a ciki.